Mata, motsa jiki da matsalar kayan ninƙaya a birnin Kano

Likitoci sun daɗe suna ba masu ƙiba da masu ciwon gwiwa shawarar su rungumi ninƙaya. To amma ga mace a birnin Kano, tun kafin ƙafarta ta taɓa ruwa akwai tambayoyi biyu da ke jiranta: me za ta sa, kuma wa zai gan ta a cikinsa.

Duk wanda ya bi ta titunan unguwar Nassarawa GRA bayan sallar asuba, musamman a ranakun Asabar da Lahadi, zai iske jama'a suna tattaki a ƙarƙashin itatuwan darbejiya, wasu kuma suna sassarfa a kewayen filin sukuwa. A da kusan maza zalla ake gani. A 'yan shekarun nan kuwa mata sun shigo sahu, bibbiyu ko uku-uku, sanye da dogon hijabi da takalmin kambas, yayin da wasu gidajen motsa jiki suka keɓe wa mata sa'o'i ko ɗakuna na musamman.

Tattaki da hawa keken motsa jiki ba sa bukatar mace ta sauya shigarta sosai. Ninƙaya ce ta fita daban. Ita ce ta fi dacewa da mai nauyin jiki, kuma ita ce ke tilasta wa mace ta sayi tufar da ba ta taɓa sa irinta ba, ta tsaya gaban madubi ta dubi jikin da atamfa da mayafi suka yi shekara da shekaru suna rufa wa asiri. Mata da dama a nan niyyarsu take tsayawa.

Unguwar da aka shata da sunan lafiya

Akwai dalilin da ya sa wannan magana ta fi tasowa a Nassarawa fiye da cikin ganuwa. Lokacin da sojojin Ingila suka ci Kano a watan Fabrairun shekara ta 1903, a Nassarawa suka yada zango, wato inda sarakunan Kano ke da gidan shaƙatawa a bayan gari. A nan ne Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa ta boko a shekara ta 1909. Dokar tsara birane ta shekara ta 1917, zamanin Gwamna Lugga, ta tanadi a bar fili fetal mai faɗin yadi 440 tsakanin gidajen Turawa da na 'yan ƙasa, bisa hujjar kare Turawan daga zazzaɓin cizon sauro.

Gadon da wannan wariya ta bari shi ne manyan filaye, da tituna masu faɗi, da itatuwa, da wuraren wasanni. Bayan samun 'yancin kai a 1960 manyan ma'aikatan gwamnati da attajirai da Larabawa 'yan asalin Labanan suka maye gurbin Turawa, a yau kuma an mayar da gidaje da dama otal-otal da asibitoci masu zaman kansu da makarantu da gidajen cin abinci. Akasarin wuraren ninƙayar da mutum zai biya kuɗi ya shiga a Kano suna cikin irin waɗannan otal-otal ne, kamar Tahir Guest Palace da Prince Hotel da ke cikin unguwar, in ba haka ba sai a kulob ko a gidajen masu hannu da shuni.

Tafkin otal kuwa, a ko'ina yake a duniya, domin baƙi ake gina shi. Galibi a fili yake, tagogin ɗakuna na kallonsa, wurin cin abinci na gefensa, masu kula da shi kuma maza ne. Mai zanen ginin bai yi lissafi da matar aure Bakanuwa ba.

Abin da ya sa likita ke cewa a shiga ruwa

Binciken lafiya da yawan jama'a da aka gudanar a Nijeriya a shekara ta 2018 ya nuna cewa kashi 28 cikin 100 na mata 'yan shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya zarce kima, yayin da kashi 12 cikin 100 ke fama da rama. Masu ƙibar sun fi yawa a birane da kuma gidajen masu hali, inda mota da 'yan aiki da zaman ofis suka ɗauke wa jiki wahalar da daka da niƙa da ɗiban ruwa ke ba shi a da. Ƙiba kuwa ba ta cika zuwa ita kaɗai ba, hawan jini da ciwon sukari da ciwon gaɓoɓi kan biyo sawunta.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kowane baligi ya yi motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300 a mako. Alƙaluman hukumar na shekara ta 2022 sun nuna cewa kashi 31 cikin 100 na manyan mutane a duniya ba sa kai wannan mizani, kuma mata ne suka fi yawa a cikinsu: kashi 34 cikin 100, maza kuma 29.

Fifikon ruwa a kan tudu abu ne mai sauƙin fahimta. Idan mutum ya shiga ruwa zuwa ƙugu, kusan rabin nauyinsa ne kawai ke kan ƙafafunsa. Idan ruwan ya kai wuya, abin da ya rage bai wuce kashi ɗaya cikin goma ba. Ke nan mace mai kilo 100, wadda gwiwarta ke ƙara duk lokacin da ta hau bene, a cikin ruwa kimanin kilo 10 kawai gwiwar za ta ɗauka. A lokaci guda kuma ruwan na turje wa kowane motsi, saboda haka tsoka tana aiki ko da tafiya kawai ake yi a wuri marar zurfi, ba sai an iya iyo ba. Ga kuma batun zafi: a watan Afrilu ma'aunin zafi kan haura 40 a Kano, lokacin da gudu a kan titi ke zama kasada.

To sai dai ninƙaya ba ta narkar da ƙiba cikin gaggawa kamar yadda masu talla ke nunawa, kuma mutane da yawa yunwa suke fitowa da ita daga ruwa. Babu kuma wani motsa jiki da ke zaɓen teɓa ya rage ta ita kaɗai. Abin da bincike ya tabbatar shi ne amfanin motsa jiki ga zuciya da hawan jini da sukarin jini yana samuwa ko da sikeli bai motsa ba.

Haihuwa na da babban matsayi a wannan lissafi. Binciken na 2018 ya nuna cewa a yankin arewa maso yammacin Nijeriya mace kan haifi 'ya'ya 6.6 a matsakaicin lissafi. Kowane ciki na barin shaidarsa: nankarwa, da sakin fata, da rabewar tsokokin ciki da ke sa mace ta yi kama da mai juna biyu watanni bayan ta haihu. Al'adar jego kuma, da kunun kanwa da naman ƙauri, ta ginu ne a kan a ciyar da maijego ta murmure. Likitocin zuciya sun daɗe da sanin cewa arewacin Nijeriya na daga cikin wuraren da aka fi samun ciwon zuciya mai biyo bayan haihuwa a duniya, don haka duk maijegon da ke jin haki ko kumburin ƙafa, asibiti ya kamata ta fara zuwa kafin gidan motsa jiki.

Tsakanin ma'auni biyu

Wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan ƙasar Ostiriya, Paul Schilder, shi ne ya yaɗa a shekara ta 1935 tunanin cewa kowane mutum na ɗauke da hoton jikinsa a cikin ransa, kuma wannan hoto ba lallai ya dace da abin da ma'auni ke nunawa ba. Jama'a ne ke zana wa mutum rabin hoton, ta hanyar yabo da zolaya da kallo.

A ƙasar Hausa ƙiba ta daɗe tana matsayin shaidar hutu da kwanciyar hankali. Idan amarya ta yi 'yan watanni a ɗakinta ta zo ganin gida ta yi ɓulɓul, sai a ce ango ya iya kiwo. Idan kuwa ta rame, tambayoyi ne za su biyo baya: ko ba ta da lafiya, ko abinci ne babu, ko kuwa maganar kishiya ce ta taso. Tun daga shekarun 1990 aka ƙara wa rama wani zargin, na cutar ƙanjamau. Ba Hausawa kaɗai ke da wannan ra'ayi ba. Ƙabilar Efik ta Kalaba an san ta da ɗakin kiwon amare, a Muritaniya ana ɗura wa 'yan mata madara da abinci, a Jamhuriyar Nijar kuma wata masaniyar al'adu, Rebecca Popenoe, ta wallafa littafi a shekara ta 2004 a kan yadda Larabawan yankin Azawak ke ƙibantar da 'ya'yansu mata tun suna ƙanana.

Wannan tsohon ma'auni yana nan da ransa, shaidarsa kuwa ita ce kasuwar magungunan da ake kira sha ka fashe. Yawancinsu sun ƙunshi dexamethasone, wanda maganin kumburi ne mai ƙarfi, ko cyproheptadine, maganin ƙaiƙayi da ke buɗe ciki. Wanda ya daɗe yana shan na farkon ba tare da umarnin likita ba, fuska ce za ta kumbura, kitse ya taru a ciki da ƙeya, fata ta tsattsage, sannan hawan jini da ciwon sukari da raunin ƙashi su biyo baya.

Sabon ma'aunin daga waje ya shigo. Lokacin da Agbani Darego, doguwa siririya 'yar jihar Ribas, ta lashe gasar sarauniyar kyau ta duniya a watan Nuwamban 2001, an yi ta muhawara a Nijeriya a kan ko wannan ce surar da za a kira kyau, amma 'yan mata a manyan birane sun ɗauki darasi. Finafinan Indiya da Kanawa suka daɗe suna kallo su ma jarumansu mata sun ƙara sirancewa. Irin tasirin da allo ke yi an auna shi a tsibirin Fiji, inda al'ada ita ma ke yabon cikar jiki. Wata likita ta jami'ar Harvard, Anne Becker, ta gano cewa a shekara ta 1995, lokacin da talabijin ya isa yankin Nadroga, babu ko ɗaya daga cikin 'yan matan makarantar da aka tambaya da ke ƙaƙaro amai domin rage ƙiba. Shekara uku bayan haka adadin ya kai kashi 11 cikin 100. A shekara ta 2021 kuma wasu takardun sirri na kamfanin Facebook da suka fito fili sun nuna cewa binciken kamfanin da kansa ya gano kusan ɗaya cikin uku na 'yan matan da ke jin takaicin jikinsu sun ce shafin Instagram na ƙara musu takaicin.

Abin da ya fi wahala ga matar Kano ta yau shi ne ma'aunan biyu sun haɗu a kanta. Surar da ake tallatawa a Instagram da TikTok ba siranta ba ce zalla: ciki a shafe, ƙugu a tsuke, ƙirji da mazaunai a cike. Sau da yawa mai sayar da shayin rage tumbi da ɗamarar matse ciki ita ce mai sayar da maganin ƙarin ƙugu. Uwar miji na ganin ta rame, ƙawaye na ganin ta yi teɓa, likita kuma na duban hawan jininta.

Akwai kuma fata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ambata a shekara ta 2011 cewa kashi 77 cikin 100 na matan Nijeriya na amfani da man sauya launin fata, a shekara ta 2023 kuma hukumar NAFDAC ta ayyana lamarin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa. Man bilicin ba ya kama jiki bai ɗaya, yakan bar gwiwa da gaɓoɓin yatsu da baƙinsu, yakan kuma sirantar da fata yadda rana da sinadarin kulorin na cikin tafki za su fi yi mata illa. Safa da doguwar riga na ɓoye wannan a kan titi, a bakin ruwa kuwa babu hali.

Maza ma ba su tsira ba. Mai tumbi da babbar riga ta saba yi wa sutura shi ma yakan yi jim kafin ya tuɓe a gaban jama'a, ko da yake ba a cika yi masa hisabi kamar mace ba.

Ɗakin gwada kaya

Mace Bahaushiya ba ta saba sayen tufa da lamba ba. Yadi take saya a Kantin Kwari ta kai wa tela, ya auna ta, ya ɗinka daidai jikinta, in ta ƙara ƙiba a buɗe, in ta rame a rage. Zani kuwa ba ya ƙin kowa. A wannan tsari tufa ce ke bin jiki. Kayan ninƙaya sun juya lamarin, domin an riga an ɗinka su a wata ƙasa bisa awon wasu mata, an manna musu lamba, kuma yadinsu mai ɗamewa ne, ba ya barin komai a ɓoye.

An taɓa auna abin da wannan ke yi wa mace. A shekara ta 1998 wasu masana halayyar ɗan Adam a Amurka, ƙarƙashin jagorancin Barbara Fredrickson ta jami'ar Michigan, sun wallafa sakamakon wani gwaji da ya yi suna. An sa ɗalibai su shiga ɗaki su kaɗai, gaban dogon madubi, wasu su gwada rigar sanyi, wasu kuma kayan ninƙaya, sannan a ba su jarrabawar lissafi suna sanye da kayan. Matan da suka sa kayan ninƙaya sun fi bayyana jin kunyar jikinsu, waɗanda kunyar ta fi kamawa sun fi ƙin cin abin da aka ba su su ɗanɗana, kuma makinsu a lissafi ya yi ƙasa da na masu rigar sanyi. Mazan da aka yi wa gwajin ba su nuna haka ba. Wani gwajin da aka sake a shekara ta 2004 ya nuna cewa maza ma abin na taɓa su idan aka ba su matsattsen ɗan kamfai maimakon gajeren wando mai walawa.

Ɗaliban Amurka aka yi wa waɗannan gwaje-gwaje, kuma kuskure ne a ɗauki sakamakonsu a ɗora wa matan Kano kai tsaye. Amma akwai abu ɗaya a ciki da ya cancanci a tsaya a kansa: babu mai kallon waɗannan mata a cikin ɗakin. Idon jama'a da mace ta saba da shi ne ya bi ta har ciki, ta riƙa duban kanta kamar yadda take zaton wasu za su dube ta, hankalin da za ta sa a kan lissafi ya tafi wajen awon cinya da ciki.

Daga nan ne shawarar nan da aka saba ji take fitowa, wato bari sai na rage ƙiba tukuna in saya. Wannan kuwa jinkiri ne da ba shi da ranar ƙarewa, tun da ruwan da ake ɗage shiga shi ne aka ce a shiga domin jikin ya samu sauƙi.

Rigar burkini da siyasar da ta biyo ta

A arewacin Nijeriya kayan ninƙaya sun daɗe da samun baƙin suna, domin a gasar sarauniyar kyau da finafinan Turawa aka fi saninsu. Lokacin da Nijeriya ta karɓi baƙuncin gasar sarauniyar kyau ta duniya a watan Nuwamban 2002, malamai da dama sun yi adawa da ita bisa dalilin tsiraici, kuma rikicin da ya ɓarke a Kaduna bayan wani sharhi da jaridar ThisDay ta buga ya ci rayuka fiye da 200, aka mayar da gasar birnin Landan. Sai a shekara ta 2014 masu shirya gasar suka sanar da soke zagayen kayan ninƙaya. A watan Disamban 2021 wata 'yar jihar Kano, Shatu Garko, ta lashe gasar sarauniyar kyau ta Nijeriya sanye da hijabi, duk da haka hukumar Hisba ta jihar ta nuna rashin amincewarta.

Ta fuskar shari'a, wadda jihar Kano ta ƙaddamar a shekara ta 2000, malamai ba su hana mace motsa jiki ba. Sukan kafa hujja da ruwayar Abu Dawuda cewa Annabi Muhammadu (SAW) ya yi tseren gudu da matarsa Nana A'isha sau biyu, ta tsere masa a karon farko, shi kuma ya tsere mata a karo na biyu bayan ta yi jiki. Sharuɗɗan da suke gindayawa su ne sutura da rashin cuɗanya da maza. A mazhabar Malikiyya da akasarin Kanawa ke bi, al'aurar mace a gaban 'yan uwanta mata Musulmi daga cibiya ne zuwa gwiwa, a gaban mazan da ba muharramanta ba kuwa dukkan jiki ne ban da fuska da tafukan hannu.

Tufar da ta yi ƙoƙarin cika wannan sharaɗi daga ƙasar Ostireliya ta fito. Aheda Zanetti, haifaffiyar Labanan da ta tashi a birnin Sidni, ta ga yadda wata 'yar 'yar uwarta ke shan wahala wajen wasan ƙwallo cikin hijabi da kaya masu nauyi, ta fara ɗinka kayan wasanni na mata Musulmi, a shekara ta 2004 kuma ta fito da rigar da ta raɗa wa suna burkini: doguwar riga zuwa cinya, da wando har idon sawu, da hula mai rufe gashi da wuya, duka da yadi marar nauyi mai saurin bushewa. A shekara ta 2007 ƙungiyar masu ceton rai a bakin teku ta ƙasar ta karɓe ta domin mata Musulmi su shiga aikin. Zanetti ta sha faɗa cewa kaso mai tsoka na masu sayen rigar ba Musulmi ba ne, akwai masu gudun zafin rana saboda sankarar fata, akwai kuma matan da kawai ba sa son a ga jikinsu.

A Turai rigar ta zama abin shari'a. A shekara ta 2013 babbar kotun harkokin mulki ta Jamus da ke Laifzig ta yanke hukuncin cewa ɗaliba Musulma ba za ta ƙaurace wa darasin ninƙaya ba tun da tana iya sa burkini. A watan Agustan 2016 garuruwa kimanin 30 na gaɓar tekun Faransa suka haramta ta, kafin majalisar ƙoli ta shari'ar mulki ta dakatar da haramcin garin Villeneuve-Loubet a ranar 26 ga watan. Ita wannan majalisa kuma a watan Yunin 2022 ta hana birnin Grenoble halatta rigar a tafkunan gwamnati. Manyan kamfanoni dai ba su jira 'yan siyasa ba: kamfanin Nike ya fitar da nasa samfurin kasuwa a shekara ta 2020.

A Kano matsalar ta ɗaya gefen take. Jiƙaƙƙen yadi yana manne wa jiki komai tsawonsa, don haka mata da yawa da mazajensu ba sa ganin burkini ta isa sutura a wurin da maza ke kai da kawowa. Abin da suka fi bukata shi ne sa'o'in mata zalla, da mace mai koyarwa, da katanga mai tsawo, da kuma dokar hana shiga da wayar salula. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne a garin da hoton bidiyo ɗaya da ya fita daga waya ke iya rusa aure ko hana shi. Ko a cikin mata zalla kuma ba a rasa kallo ba, domin waɗanda za a haɗu da su a bakin ruwa su ne za a haɗu da su a gidan biki.

Inda ake samu, da abin da ake dubawa

Samun kayan kansa aiki ne. Kantin Kwari kasuwar yadi ce, kasuwar Ƙofar Wambai kuma ta yi suna wajen gwanjo, inda kayan ninƙayar da kan faɗo cikin dila galibi irin na Turawa ne da ba su rufe komai. A kantunan zamani ba kasafai ake baje su ba, balle tun da hukumar Hisba ta sanar a tsakiyar shekara ta 2021 da hana teloli da masu kantuna amfani da mutum-mutumi wajen tallan tufafi. Saboda haka cinikin ya fi gudana a Instagram da WhatsApp, a hannun mata masu saro kaya daga Turkiyya da Dubai da ƙasar Sin. Sai dai a nan hoto kawai ake gani, ba a gwadawa, kuma ba a cika karɓar kayan da aka mayar ba. Farashi ma ya tashi tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, inda dala ɗaya ta tashi daga kimanin naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024.

Lambar da ke jikin kaya ba abin dogaro ba ce. Rigar da Ingila ke kira 12, a Amurka 8 ce, a Faransa 40, a Italiya 44, kayan ƙasar Sin kuma kan zo ƙanana ƙwarai, ta yadda mace matsakaiciya za ta iske sai mafi girma ne ke shigarta. Hanyar da ta fi ita ce wadda matan Kano suka riga suka sani: a ɗauki tef a auna ƙirji da ƙugu da mazaunai da tsawon jiki, a aika wa mai kaya awon da santimita, a sayi wanda ya dace da jikin da ake da shi a ranar. Kayan da suka matse na hana numfashi, waɗanda suka yi yawa kuma na cika da ruwa su ja mutum.

Mata da dama kan yi dabara da rigar auduga da matsattsen wando da ƙaramin hijabi. Auduga kuwa shan ruwa take yi ta yi nauyi, ta saki, ta zubar da zare da ke toshe matatar tafki, dalilin da ya sa wuraren ninƙaya da yawa ke hana ta. Yadin poliyesta ya fi jure sinadarin kulorin, wanda ke cinye zaren roba na cikin yadi mai miƙewa, musamman idan ba a ɗauraye shi da ruwa mai kyau an shanya a inuwa ba. Tela na iya ɗinka kayan idan aka samu yadin da ya dace, muddin ya yi ɗinkin da ke miƙewa tare da yadin, ya kuma sa igiya ko maɓalli da zai haɗa riga da wando don kada rigar ta taso sama a cikin ruwa. Hijabi mai yawo da allurar maƙala shi ba su da wuri a tafki.

Gashi ma wani babi ne. Hular ninƙaya da aka saba da ita ba ta ɗaukar kitso mai yawa, kuma kulorin na busar da gashin da aka miƙar da mai. Wani kamfanin Ingila mai suna Soul Cap ya ƙera babbar hula domin irin wannan gashi. Hukumar wasan ninƙaya ta duniya ta ƙi amincewa da ita gabanin wasannin Olamfik na Tokiyo a 2021, ta dawo ta amince a watan Satumban 2022 bayan suka daga sassa da dama.

A Kano yara maza kan koyi iyo a kududdufi da rafi, tare da haɗarin nitsewa da na cutar tsargiya, yayin da ake janye 'ya'ya mata daga ruwa tun kafin su balaga. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutane kimanin 300,000 suka mutu ta hanyar nitsewa a shekara ta 2021, kuma in aka kwatanta da yawan jama'a nahiyar Afirka ce ke kan gaba. A ranar 30 ga Nuwamban wannan shekara wani jirgin ruwa ya kife a madatsar Watari da ke Bagwai a jihar Kano, mutane aƙalla 29 suka rasu, akasarinsu ɗaliban Islamiyya. Matar da ta fara koyon ninƙaya tana da shekara arba'in, sabuwar shiga ce kamar ƙaramin yaro, tana bukatar wuri marar zurfi da mai sa mata ido. Yawancin masu sayen burkini baƙa ko shuɗiya mai duhu suke zaɓa saboda ta fi ɓoye surar jiki, alhali masu aikin ceto na ba da shawarar a sa launi mai haske, kamar ruwan lemo ko rawaya, ko da a hula ne kawai, domin shi ake saurin hangowa idan mutum ya yi ƙasa.